Amsa ga mai tambaya kan gadon kang da yake hucewa kafin asuba

Ɗan'uwa na ga tambayarka, ka ce a gidan da ka sauka a wani ƙauye a lardin Jilin da ke arewa maso gabashin ƙasar Sin ana cusa karan masara a murhu ba ƙaƙƙautawa amma kafin asuba kang ɗin ya huce, kuma gefen murhu zafi kamar tanda, can ƙarshe sanyi ƙarara. Na yi hunturu biyu a wani ƙauye a lardin Liaoning mai maƙwabtaka da Jilin, a kan irin gadon nan na kwana, bari in faɗa maka abin da na gani da idona.

Ga wanda bai sani ba, kang dakali ne na bulo ko tubali, hayaƙin murhun girki ke bi ta cikinsa kafin ya fita ta bututun hayaƙi. To tsohon yayi a ƙasa yake zaune daram, ƙasa ta shanye zafi, sauran kuma iska ta zuƙe ta bututu duk dare. Mai gidanmu da ya gaji ya rushe nasa ya gina wanda suke kira diao kang, wato an ɗora shi kan ƙananan ginshiƙai, ƙarƙashinsa fayau, sai ya zama sama na ɗumama mai barci ƙasa na ɗumama ɗaki. Wallahi karan da ake ci ya ragu sosai, har tarin da ke bayan gida ya kai mu bazara.

Amma in ba halin rushewa, a fara da marfin ƙarfe a bututun, a rufe bayan wuta ta mutu murus, ba kafin nan ba. A sa wa bakin murhu ƙofa. Zancen gefe da gefe kuwa aikin yaɓe ne, a kaurara shi wajen murhu, a sirance shi can ƙarshe, zafin sai ya daidaita. Bangon da ke kallon waje shi ma a toshe shi, tagogi a lulluɓe da leda kamar yadda suke yi.

Abin da ba na wasa da shi shi ne tsaga. Wata rana na tashi kaina na sarawa kamar an buga min guduma, ashe yaɓen ya tsage hayaƙi na sulalowa, gubarsa ko wari ba ta da shi, musamman in gawayin kwal suke ƙonawa. Kafin sanyi ya shigo ku kwashe toka da kunkunniya, ku kunna ɗanyen kara ku zagaya ku ga inda hayaƙi ke fita, ku liƙe.