Ki riƙe shiga da shigo, sauran zai zo da sauƙi

'Yar'uwa, kin tambaya me ya sa Koriyanci yake da kalmomi barkatai na tafiya da motsi, kuma ta ina za ki fara. Na yi shekara uku ina karatu a Daegu, wani birni a Koriya ta Kudu, kuma abin da ya cece ni Hausa ce.

Ki fara da gada da oda. Ba gadar ƙetare kogi ba, ba odar kotu ba: gada tafiya ce, oda kuma zuwa wajen mai magana. Su ake liƙawa a bayan wasu kalmomin. Deureogada shiga, deureooda shigo. Nagada fita, naoda fito. Naeryeogada sauka, naeryeooda sauko. Kin ga aikin da wannan "o" ɗin yake mana a ƙarshen kalma? Shi oda yake musu. Turawan ajinmu sun yi makonni suna fama da wannan, ni kuwa a rana ɗaya na kama.

Amma akwai inda muka rabu da su. Idan an ƙwala miki kira, ke Bahaushiya "ina zuwa" za ki ce. Su "gayo" suke cewa (daga gada), wato ina tafiya, tunda barin inda kike za ki yi. Ranar da mai gidan hayarmu ta kira ni na amsa da "wayo" (daga oda, wato ina zuwa), sai da ta yi dariya har da riƙe ciki. Ashe ba wayo na yi ba.

Wani abin kuma, zuwa Seoul hawa ne a bakinsu, ollagada, barinta zuwa sauran garuruwa kuma sauka.

Na motsi ba su da wuya. Umjigida motsawa, kamar likita ya ce kada ki motsa. Omgida ki ɗauke kujera ki sauya mata wuri. Isahada tashi daga gida zuwa wani gidan, kuma a ranar da yawansu taliyar jajangmyeon suke saya su ci, don tukwane suna cikin kwali.

Wadda na fi so ki kula da ita ita ce danida, zuwa wuri a kai a kai, kamar makaranta ko wajen aiki. Daga cikinta aka samo danyeoogetseumnida, abin da yaro yake faɗa wa iyayensa in zai fita da safe. "Sai na dawo" ke nan.