Tambaya da Amsa: Hasashen damina da bishiyoyin gwamnati

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni manomi ne a yankin Gumel. A ina zan riƙa samun sahihin labarin damina da ambaliya, ban da wanda ake turowa a WhatsApp? Kuma me ke kashe bishiyoyin da gwamnati ke dasawa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Hukumomi biyu za ka riƙe. NiMet, wato hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, tana fitar da hasashen damina a farkon shekara: lokacin saukar ruwa, lokacin ɗaukewarsa, da yankunan da ruwa zai iya yin fashi bayan an yi shuka. NIHSA kuma, hukumar da ke sa ido kan ruwan koguna da ambaliya, ita ke bayyana ƙananan hukumomin da ambaliya ke iya shafa. Duk saƙon da bai ambaci ɗaya daga cikinsu da kwanan wata ba, kada ka fitar da irinka saboda shi. Ko nasu ma hasashe ne, don haka ka riƙa haɗawa da rahoton yanayi na rediyo da shawarar malamin gona.

Batun bishiya kuwa, ba rashin shirye-shiryen gwamnati ba ne. Tarayyar Afirka ta amince da shirin Great Green Wall, na dasa bishiyoyi don tare kwararowar hamada, a 2007, Najeriya ta kafa masa hukuma a 2015 don jihohi 11, har da Jigawa. Ga kuma ACReSAL, shirin farfaɗo da ƙasar da ta lalace a Arewa, mai dala miliyan 700 daga Bankin Duniya. Matsalar a wajen dashen take. Sau da yawa sai ƙarshen Agusta ake bikin dashe, saiwa ba ta kama ƙasa ba ruwa ya ɗauke. Wani ma da ledarsa yake binne dashen. Wanda ya tsira, awaki su gama da shi a rani, tunda ba shinge, ba mai shi.

In za ka dasa, ka yi a Yuli bayan ƙasa ta jiƙa. Haƙa rami kamar santimita 40, gauraya ƙasar da ruɓaɓɓen taki, yanke ledar, kewaye da ƙaya, ka yi ban ruwa a ranin farko.

Amma mu a ganinmu, sassabin zamani irin na manoman Maradi da Damagaram ya fi arha. Lokacin sharar gona, ka bar kututturen gawo, kalgo ko sabara da ya tofo, ka zaɓi rassa uku zuwa biyar masu ƙarfi, ka sare sauran. Saiwarsu ta riga ta yi zurfi, ba sa bukatar ban ruwa. Da wannan dabara aka farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 a Nijar tun daga shekarun 1980.