Wufa biyu masu om 4 a amfilifaya ɗaya: me ya sa take ɗaukewa?

Ɗan'uwa, ka ce wufa (lasifikar sauti mai kauri) biyu gare ka a mota masu om 4 kowace (om shi ne ma'aunin yadda wufa ke tare wuta), ka haɗe tashoshi (mafitar sauti) biyu na amfilifayarka wuri ɗaya ka ba su, kuma da ka ƙara sauti sai ta yi zafi ta ɗauke. Daga haɗin wayar matsalar take.

Idan ka haɗa ƙafar + da +, − da −, wufofin sun koma om 2. Yawancin amfilifaya masu tasha biyu, in an haɗe tashoshin, ba sa jure ƙasa da om 4, domin kowace tasha rabin adadin take gani. A haɗinka om 1 ke nan, shi ya sa take kashe kanta kafin ta ƙone. In kuwa ka jera su, − na ta farko ya shiga + na ta biyu, za ka samu om 8. Ba za ta yi zafi ba, amma ƙarfin zai ragu sosai.

Ni dai shawarata, ka ba kowace wufa tasharta, ko ka sayi amfilifaya mai tasha ɗaya da aka rubuta tana ɗaukar om 2. Wat na RMS, wato ƙarfin da take iya bayarwa ba tsayawa, za ka duba, kada babban adadin jikin kwali ya ruɗe ka.

Kafin ka jona, auna wufofin da mita mai auna om. Wufa mai om 4 takan nuna 3 da ɗoriya, wannan daidai ne. Wayar batir kuwa da fis ɗinta, wanda dole ya zauna dab da batir, ka bar wa mai gyaran wutar mota, don nan ne gobara ke tashi.