Ina zan samu mujallun binciken aikin ƙwayoyin gado?

Tambaya: Malam, ina wuni? Ni ɗaliba ce daga Argungu, ina digiri na biyu kan shinkafar fadama da yadda ambaliya ke kashe ta. Malamina ya ce in karanta mujallun da ke bayanin aikin da kowace ƙwayar gado ke yi a jikin shuka. Da wacce zan fara? Kuɗina ba yawa.

Amsa: 'Yata, sannu da ƙoƙari. Fara da mujallar Rice ta kamfanin Springer, kan shinkafa kawai take, kuma kyauta ake karanta ta a intanet. Haka BMC Genomics da Genome Biology da PLOS Genetics, ba a biyan ko sisi wajen karantawa. Marubucin da ke son a buga aikinsa ne ke biya, kuma kuɗin da nauyi, amma wannan sai ranar da kika zo bugawa.

Idan turancin masana ya yi miki kauri, nemi Briefings in Functional Genomics ta Oxford, yawancinta sharhi ne mai tattaro abin da aka gano.

Ni dai da zan zaɓar miki takarda ɗaya, ita ce wadda mujallar Nature ta buga a 2006 kan Sub1A, ƙwayar gadon da ke sa shinkafa ta jure nutsewa cikin ruwa kusan mako biyu. Tana hana shukar ƙone ƙarfinta wajen miƙewa sama, sai ta yi lamo har ruwa ya janye. Duk wanda ya ga gulbi ya shanye gona a watan Agusta ya san darajar wannan. Ki rubuta Sub1A a PubMed, shafin neman takardun bincike a intanet, ki bi waɗanda suka ambaci wannan takarda.