Tambaya da Amsa: Bangon Dutsen St Kilda da Tsuntsayen da Ke Kansa

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ga hoton wani dutse tsaye ƙiƙam a tsakiyar teku, ya yi fari fat kamar an shafe shi da farar ƙasa. An rubuta St Kilda a ƙarƙashinsa. Ƙanƙara ce ta lulluɓe shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Farin da ka gani tsuntsaye ne da kashinsu, wanda ya yi shekara da shekaru yana taruwa. St Kilda tarin tsibirai ne na Sikotilan a cikin Tekun Atilantika, kimanin kilomita 64 yamma da tsibirin North Uist. Manyan su huɗu ne: Hirta, Dun, Soay da Boreray. Dukansu ragowar wani tsohon dutse ne mai aman wuta, wanda ya mutu tun miliyoyin shekaru, teku ta yi ta ƙwaƙule shi har ta bar masu taurin. A kusa da Boreray akwai duwatsu biyu masu kama da turaku, Stac an Armin mai tsawon mita 196 da Stac Lee mai mita 172, kuma da alama ɗayansu ka gani. A Hirta kuwa akwai Conachair, mai tsawon mita 430, wanda gefensa na arewa ya miƙe zuwa ruwa. Duk Birtaniya babu bangon dutsen bakin teku da ya kai shi.

Tambaya: Malam, me ya sa tsuntsu zai bar fili ya je ya yi ƙwai a gefen dutsen da ko akuya ba za ta iya tsayawa ba? Kuma ƙwan ba ya gangarawa?

Amsa: Kin ambaci dalilin da bakinki, Malama. Inda akuya ba ta tsayawa, ɓera da kyanwa da yanyawa ma ba sa zuwa. Tsuntsayen teku kusan duk rayuwarsu a kan ruwa suke yi, ba sa tako ƙasa sai don ƙwai, kuma da yawansu ƙwai ɗaya tal suke yi a shekara. Wanda ke da ɗaya tilo dole ya nemi wurin da mai ƙafa huɗu ba ya kaiwa. Ga kuma iskar da ke bugun bango ta yi sama, wadda ke ɗaga tsuntsu da zarar ya saki ƙafa.

Kowane irin tsuntsu da matakinsa a jikin bangon, kamar gidan bene. Kitiwek tana kwaɓa laka da ciyawar teku ta manna sheƙa a kan ɗan tudun da bai fi tafin hannu biyu ba. Fulma tana son lungu mai 'yar ƙasa ko ciyawa. Fafin, mai baki ja da ruwan ɗorawa, yana can sama inda ƙasa ke da laushi, yana haƙa ramin da ya kai tsawon hannun mutum ko ya fi, ya ajiye ƙwansa a ƙarshe. Ana kwanci kamar kwana 40, ɗan ya ƙara wasu kamar kwana 40 a cikin duhu, sannan ya fita da dare shi kaɗai ya nufi teku.

Gilimot ita ce ta tambayarki ta biyu, don ba ta yin sheƙa ko kaɗan. A kan tsuran dutse take ajiye ƙwai, kafaɗa da kafaɗa da maƙwabta. Ƙwan yana da tsini a gefe ɗaya da faɗi a ɗayan. An daɗe ana cewa hikimar ita ce idan an taɓa shi ya yi ta juyawa a wuri ɗaya. Binciken Farfesa Tim Birkhead na Jami'ar Sheffield ya nuna wani abu da ya fi gamsarwa: dogon gefen ƙwan yana kwanciya sosai a kan dutse mai gangara, don haka da wuya ya fara motsi tun farko. Iyayen kuma suna tallafe shi da ƙafafu, suna karɓa-karɓa. Duk da haka ƙwai na faɗuwa, galibi lokacin da wani abu ya firgita taron suka tashi a tare. Ɗan gilimot yana da kamar mako uku, fukafukansa ba su gama ba, zai yi tsalle da magariba ya faɗa ruwa, uban ya raka shi cikin teku ya ci gaba da ciyar da shi.

Farin da ke kan Stac Lee kuwa na ganet ne, mai fukafukan da buɗinsu ya kusa mita biyu. Yana hango kifi daga mita 30, ya naɗe fukafuki baya, ya soki ruwa da gudun da ya kusa kilomita 100 a awa. Abin da ke hana shi karyewa shi ne jakunkunan iska a ƙarƙashin fatar wuya da ƙirji, kuma ba shi da kafar hanci a waje da ruwa zai kutsa.

Tambaya: Ana iya zuwa? Me ke ɓata wa mutane tafiya?

Amsa: Ana zuwa, daga Afrilu zuwa Satumba. Mai son ganin tsuntsaye a cike ya nufi ƙarshen Mayu zuwa Yuli, domin a cikin Agusta fafin ke watsewa. Daga Leverburgh a tsibirin Harris, jirgin ruwa mai sauri yana cin kusan awa uku. Ana soke tafiya sau da yawa saboda raƙuman ruwa, musamman in iska ta taso daga kudu maso gabas ta shigo Village Bay, mashigin teku na Hirta inda ake sauka da ƙaramin kwale-kwale. Ka ware kwana biyu ko uku don tafiyar yini ɗaya. Ka sha maganin amai kafin a tashi, ka tafi da abincinka da ruwanka, da rigar ruwa, da takalmi mai kama ƙasa.

Haɗarin yana bakin dutse. Daga tsohon ƙauyen Hirta ana hawa zuwa wurin da ake kira The Gap, ciyawa shimfiɗe lafiya lau, sai kawai ƙasa ta ƙare a gabanka. Ciyawar tana da santsi in ta jiƙe, kuma sau da yawa gefen ya zarce dutsen da ke ƙarƙashinsa. Ka tsaya da nisan taku da yawa. Kada ka yi tafiya da na'urar hangen nesa ko kyamara a ido: ka zauna tukuna. In hazo ya sauko, ka tsaya inda kake har ya yaye. Kada ka taka inda ramukan fafin suke, rufinsu ba shi da kauri, ƙafarka za ta burma kan ɗan tsako.

Tsuntsu biyu za su nuna maka iyakarka. Sikuwa tana kawo farmaki a ka in ka kusanci sheƙarta. Ka ɗaga sanda sama da kanka, don mafi tsawo take hari, ka bar wurin. Fulma kuma tana feso wani mai daga cikinta, mai ƙarnin da wanki ba ya fitarwa da sauƙi. In ka ga mataccen tsuntsu kada ka taɓa, murar tsuntsaye ta yi wa sikuwa da ganet mummunar ɓarna a 2021 da 2022.

Tambaya: Na ji ana binciken jakunkunan baƙi saboda ɓera. Ba a cika tsanani ba?

Amsa: Ko kusa. Mutane sun zauna a Hirta shekaru dubbai suna cin ƙwai da naman tsuntsu, suna sauka bango da igiya, har 29 ga Agusta 1930 da aka kwashe 36 na ƙarshe, amma babban ɓeran nan mai bin jiragen ruwa bai taɓa kafa gida a can ba. Shi ya sa tsuntsaye masu haƙa rami suka yawaita. Macen ɓera ɗaya mai ciki ta isa, domin ramin da ke ɓoye ɗan fafin daga tsuntsaye masu farauta ƙofa ce a buɗe ga ɓera. Da jirgin kamun kifi Spinningdale ya maƙale a kan duwatsun Hirta a Fabrairun 2008, sai da aka baza tarkuna a bakin gaɓa, aka yi sa'a ba a sami ko ɗaya ba. A tsibirin Lundy na Ingila kuwa sai da aka share ɓeraye gaba ɗaya a farkon shekarun 2000 kafin tsuntsayen rami suka farfaɗo.

Hukumar National Trust for Scotland, mai kula da St Kilda tun 1957, ta hana shiga da karnuka. Abin da ke kanka kaɗan ne: ka haɗa jakarka a ranar tafiya, kada ta kwana a buɗe a tashar jirgi, ka zuba abinci a mazubi mai murfi, ka goge laka da irin ciyawa daga takalmi, ka dawo da duk shararka cikin jirgi.