Na'ura na iya auna zafin ciwo a ƙwaƙwalwa? Amsoshin likita

Wata uwa daga Gangare, Jos: Likita, ɗana mai sikila ne. In ciwon ya tashi, wasu sukan ce raki ne. Akwai na'urar da za ta nuna gaskiyarsa?

Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Babu na'urar da za ta ce ciwon yaro ya kai kaza. Na'urar da ake kira EEG motsin lantarkin ƙwaƙwalwa kawai take ɗauka, ta nuna shi a matsayin layi a kan allo. Masu bincike sukan sa wa bayan hannun mutum zafin hasken leza, kafin rabin daƙiƙa sai layin da ke kan allo ya yi tsalle. Matsalar ita ce, ƙara mai firgitarwa ma tana sa shi irin wannan tsallen. Shi ya sa har gobe bakin mara lafiya ne ma'auninmu, daga 0 zuwa 10. In yaronki ya ce 8, a ba shi maganin 8.

Wani ɗalibi daga Unguwar Rogo: Me ya sa in na yi tuntuɓe nake jin zafi sau biyu?

Jijiyoyi iri biyu ne ke kai saƙon. Ɗaya tana gudun da ya kai mita 30 a daƙiƙa, ita ke kawo sukan farko. Ɗayar ba ta wuce mita 2, ita ce mai raɗaɗin da ke biyo baya. Duka ta laka suke bi kafin su isa ƙwaƙwalwa, kuma murza wurin na rage abin da ke wucewa a lakar. Wasu masana biyu, Melzack da Wall, ne suka yi bayanin haka a 1965.

Wata amarya daga Bukuru: An rubuta min EEG. Lantarki zai ja ni?

Ko kusa, ƙanwata. Wayoyin sauraro suke yi, ba sa sakin wuta. Ana manna kusan 21 a fatar kai, a yi minti 20 zuwa 30. Ki tsefe kitso, ki wanke kai, kada ki shafa mai, don maiƙo na hana wayar kama fata. Ki ci abinci, kada ki bar maganinki sai likita ya ce. In an fara, ki saki muƙamuƙi, domin cije haƙora na cika allon da zane-zanen banza har a sake aikin. In kina shan tramadol ki faɗa, yana iya tayar da farfaɗiya.