Tek ko Tamale: amsata ga Yayana na Kano

Yaya, na ga tambayarka kan karatun 'yarka. Ka ce me ya hana a kawo ta Bayero ta zauna a gabanka, in kuma hakan bai yiwu ba, gara Tamale da Kumasi, tunda can Musulmi sun fi yawa, kada wani Batone, wato ɗan ƙabilar Asante, ya ɗauke mana ita. Na san ba kai kaɗai ke wannan tunani a kanmu mutanen zango, unguwannin Hausawa da sauran Musulmi a nan Gana, ba, shi ya sa zan amsa a fili.

Ga yadda abin ya kasance. Sakamakonta na WAEC ya yi kyau, jami'o'i biyu suka ba ta gurbi. Jami'ar Kwame Nkrumah, wadda duk Kumasi ke ce wa Tek, kimiyyar halittu ta ba ta, don makinta bai kai na aikin jinya ba a can. A nan darussa shida ake haɗawa, wanda jimillarsa ta fi ƙanƙanta shi ne a gaba, kuma a Tek maki ɗaya kan raba yaro da burinsa. Jami'ar Nazarin Ci Gaba ta Tamale kuwa, wato UDS, jinyar ta ba ta, abin da take nema tun tana ƙaramar sakandare.

Tek ta fi suna, ba gardama. Tun 1952 take, Sarkin Asante ne uban jami'ar, kuma daga unguwar Aboabo yarinya za ta je lacca ta dawo ta ci tuwon uwarta. Uwar a nan ta tsaya. UDS sai 1992 aka kafa ta, tana da nisan kusan kilomita 400 ta Techiman da Kintampo, ga kuɗin ɗaki da na abinci. Sannan suna da wani tsari a zango na uku na shekara, inda ake tura ɗalibai ƙauyuka su zauna makonni cikin jama'a suna nazarin matsalolinsu. Wannan ya fi komai ɗaga wa uwar hankali. Ni kuwa shi ya fi burge ni, don mai jinyar da ba ta taɓa kwana a garin da babu asibiti ba, da sauranta.

Ban zaɓa mata ba. Na haɗa ta da wata 'yar unguwarmu da ke aiki a asibitin Komfo Anokye, ta gaya mata gaskiyar aikin kwana, da yadda wasu ke gama karatu su daɗe a gida suna jiran gwamnati ta ɗauke su. Na kuma nuna mata abin da shagona ke kawowa, ban ɓoye komai ba. Ta yi istihara, ta ce Tamale. Saboda kwas ɗin ta ce haka, Yaya, ba don gudun Tonawa ba.

Wannan magana ta Tonawa ita ta sosa mini rai. Kakarmu, ni da kai, wace ce? Batoniya ce. Kakanmu ya zo fataucin goro ya aure ta, ta musulunta, ta haifi ubana da naka. Kai ba ka san ta ba, ni a ɗakinta na tashi. Har ta rasu in ta fusata da Tonanci take faɗa, amma ita ce ke tashinmu da asuba, kuma ba yaron da zai karya kumallo a gidan nan bai biya allonsa ba. Sharaɗinmu a aure addini ne da hali, kamar naku. Muna auren Dagombawa, muna auren Wangarawa da Zabarmawa, muna auren Batonen da ya yi shahada da gaskiya. Kuma masallaci yana cikin Tek, 'ya'yanmu mata na shiga aji da hijabinsu. Ba na ce babu tsangwama ba. Akwai makarantun kwana na mishan da har yanzu ake kai ruwa rana da su kan azumi da sallah, muna kuma fama da su da kanmu.

Bayero kuwa, da girmanta, amma takardun yarinyar nan na Gana ne. A matsayin baƙuwa za a ɗauke ta, in ta dawo kuma sai hukumar masu jinya ta nan ta sake yi mata jarrabawa kafin ta taɓa majinyaci. Ban manta yajin aikin malaman jami'a na wata takwas da kuka sha a 2022 ba. Wani abu kuma da ba na son faɗa amma dole: zuwanta Kano biki, 'yan uwanta sun yi ta kwaikwayon Hausarta suna dariya, ta dawo ta ce mini can 'yar Gana ake kiranta. A nan kuma, ranar da muka je yin katin ɗan ƙasa, sai da aka tambaye mu daga ina kakanninmu suka zo.

A 1969, da gwamnatin Busia ta ba baƙi mako biyu su fita, mahaifinku ya ɗaure kaya ya nufi Kano, namu ya zauna saboda tsohuwa ta ce ba inda za ta. Iyakar abin da ya raba mu ke nan. Muna da Sarkin Zango, muna da makarantun allo, da Hausa ake ciniki a unguwar Alabar, da ita ake wa'azi a babban masallaci, har waɗanda ba Hausawa ba da ita suke magana a zango.

In kana son sa hannu, kuɗin ɗaki ne ya fi yi mini nauyi a bana. Kuma ka kira ta da kanka ka sa mata albarka, don ta ji labarin abin da ka rubuta, jikinta ya yi sanyi. Tun rasuwar Baba ba wanda ya taka Kumasi a cikinku, ga ɗakin baƙi nan a buɗe.